Kwalin Kawu, Ɗaya Cikin Ɗaya

A sito muka yi zaman makokin Kawu, don gidana na unguwar Panyu, a nan China, ba zai ɗauki mutum goma ba sai an jingine wasu a bango. Muka tura kwalaye gefe, muka shimfiɗa tabarmin roba, wanda bai sami wuri ba ya ɗare kan kayan wani. Rasuwar ta faɗo a tsakiyar baje kolin Pazhou, kowa ƙafarsa ɗaya a wurin gaisuwa ɗaya a bakin masana'anta. Mutum zai shigo ya durƙusa, ya ce ya haƙuri, Allah Ya jiƙan Malam, mu shafa, sannan ya matso kusa da kunnena ya rage murya: "Af, Alhaji, kwantenar nan tamu kuwa ta tashi?" Ban ga laifin kowa ba. Ni kaina mai karɓar gaisuwar wayoyi biyu ne a aljihuna, kuma babu wadda ta yi shiru.

Wanda ya fi kowa kuka shi ne wanda ya fi kowa faɗa da mamacin, wato Alhajin Maraɗi, dattijon da ke sayen takalma yana kaiwa kasuwannin Nijar. Ya hana kowa zama a kujerar robar Kawu. Magana ɗaya yake ta nanatawa: "Wanga bawan Allah ya tahi da hannunshi. Wa za ya rubuta muna shaida a jikin kwali yanzu?"

Mai siton, wata 'yar China da muke ce wa lawban, wato shugaba, ta tsaya a bakin ƙofa da ledar lemo, ta rasa ko ta shigo ko ta koma. Ta dubi kujerar, ta dube ni, ta ce, "Lawshi meyo?" Lawshi malami ke nan a bakinsu, meyo kuwa ita ce kalmar da mai shago ke faɗa maka in kayan da kake nema sun ƙare. Na ce mata meyo. Ta ajiye lemon a kan wani kwali ta fita tana goge ido da bayan hannu.

Daga Kano waya ce ta yi ta shigowa. Inna, mahaifiyata, wadda ita ce ƙanwarsa, ba ta yi kuka a kunnena ba, abin da ta tambaya kawai ko ya sami abin da ya ci kafin ya cika. Babban Kawu, wansu duka, ya tambayi wanda ya yi wanka, da wanda ya ja sallah, da ko na tabbatar an fuskantar da shi daidai a ƙasar da alƙiblarta ke yamma. 'Yar Kawu, ita kaɗai Allah Ya bar masa, ita ce ta kira a ƙarshe. Ta ce, "Yaya, in Allah Ya sa na zo wata rana, ta yaya zan gane inda yake?" Na ce mata za a san yadda za a yi. Ni kaina ban san yadda za a yi ba.

Tambayarta ba ta yarinta ba ce. A gida kabari ba ya ɓata da wuri, don akwai mai haƙa da ya san kowa, akwai bishiyar da ake kwatance da ita, akwai maƙwabcin da zai ce kusa da na babana yake. Nan kuwa mu da muka ɗauki makarar duk baƙi ne masu jiran biza ta ƙare. Wanda kuka yi sahu ɗaya da shi bana, baɗi ya koma gida ya buɗe shago. Nan da 'yan shekaru ba za a sami mutum ɗaya a garin nan da zai nuna wurin da yatsa ba. Wannan tsoron ne ya zaunar da ni nake wannan rubutu, ni da in ban da lambar kwantena babu abin da na saba rubutawa.

Kawu malamin Turanci ne, a wata kwalejin horar da malamai ya ƙarar da ƙarfinsa. Amma nasa Turancin na wasannin kwaikwayon Ingila ne na shekara ɗari huɗu da suka wuce, wanda ko Baturen yanzu sai ya nemi ƙamus. Kuma ko a cikin wasannin ba soyayyar ko kashe-kashen ne suka dame shi ba. Wasu kalmomi yake bi, dangi guda, waɗanda duk kakarsu ɗaya ce, kalmar Latin mai nufin rubutu. Duk inda ɗaya ta fito a bakin wani ɗan wasa sai ya kwafe ta a ɗan kati, ya rubuta wa ya faɗe ta, wa aka faɗa wa, da abin da ya sami mutumin daga baya. A kan wannan ya fara digiri na uku tun ina firamare. Yajin aiki ya ci wani ɓangare, mai duba aikin ya bar ƙasar, jinyar matarsa ta cinye sauran. Bai gama ba, bai kuma taɓa cewa ya bari ba.

Bayan ya yi ritaya matar ta rasu, 'yar ta yi aure, ya zauna shi kaɗai yana hira da katunansa. Inna ce ta ce in ɗauke shi ko ya ga wata duniyar. Ni kuma na yi lissafin ɗan kasuwa: ga mai Turanci a gida, me zai sa in riƙa fama da saƙonnin masana'antu? Na nema masa takardun zama a ƙarƙashin kamfanina na jigilar kaya. Lissafin bai fita ba. Ma'aikaciyar masana'anta za ta aiko layi ɗaya tana tambayar kala nawa muke so, Kawu ya mayar mata da shafi guda mai gaisuwa da godiya da fatan alheri ga iyayenta, ita kuma ta aiko da alamar tambaya. Da na ga za mu rasa abokan hulɗa sai na ce ya huta. Hutun ne bai iya ba. Wata rana na shigo sito na tarar ya ƙwace alƙalamin shaida daga hannun masu ɗaure kaya, yana faɗa wai wannan ba rubutu ba ne, tonon kaza ne.

Ga wanda bai san aikinmu ba: kwantena ɗaya takan ɗauki kayan mutane da yawa, kwalayen kuma duk kamarsu ɗaya. Abin da ke raba naka da na wani shi ne shaida, wato sunanka, da garin da kayan za su sauka, da lambar kwalin. In kwalayenka ashirin ne, na ukun za a rubuta masa uku cikin ashirin, don mai karɓa ya san saura nawa yake jira. Da ƙaton alƙalami mai baƙar tawada ake rubutawa a gefen kwali. In kuma masana'anta ce za ta buga maka, hoton shaidar kake tura mata ka ce a yi shi daidai yadda yake, kada a ƙara kada a rage, don harafi ɗaya in ya canja kayanka na iya sauka a Kwatano kai kana jiransu a Kano. Kowane ɗan kasuwa a nan yana da hoton shaidarsa a waya, kusa da hoton 'ya'yansa.

Wannan aikin Kawu ya riƙe har ƙarshen ransa, ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya isa ya karɓe. Sai ya gyara tabarau, ya shafa gefen kwalin da tafin hannu, ya yi bisimilla, sannan ya ja harafi a tsaye kamar a allon aji. Harafin K nasa kowa ya san shi, ƙafarsa ta gaba doguwa ce, tana miƙewa har ƙarƙashin haruffan da ke biye. Masu sauke kaya a Kano sun sha faɗa mini tun daga nesa suke gane kwalin da ya fito daga sitonmu.

Na taɓa ce masa, "Kawu, mutum da digiri biyu da rabi, a ce ka ƙare a rubutun kwali? In Inna ta ji ai sai ta ce na mayar da kai lebura."

Ya ce, "Kai ɗan nan, ba ka san komai ba sai awon kwali. A wasannin nan akwai wani mutum da ake kira scrivener. Aikinsa ya rubuta wa mutane abin da ba za su iya rubutawa ba, yarjejeniyar aure, takardar gado, cinikin gida. A kira shi ya shigo, ya rubuta, ya fita. Wani lokacin ko suna ba a ba shi, da sana'arsa ake kiransa. Amma rigimar da za a yi ta yi a bayansa, a kan abin da ya rubuta ake yin ta. Shekara da shekaru ina karanta shi a takarda, sai da na zo China na gane ashe ni ne."

Yakan ce can asali kalmar ba rubutu take nufi ba, karta take nufi, yadda ake karce dutse ko a tsaga itace. "Mutanen farko ba tawada suke shafawa ba," in ji shi, "rauni suke yi wa abu don kada ya manta."

Ya fi jin daɗin wannan karatu a jirgin ƙasa in mun taso daga Panyu da safe, ni ina tsaye riƙe da ƙarfe ina gyangyaɗi, shi an ba shi kujera saboda furfura. Wata rana ya hango kalmar subscribe ta fito a wayata, sai ya kama hannun rigata.

"Ka san wannan?"

"Na sani mana, Kawu. Data ce ta ƙare."

"Subhanallahi. Kalmar da mutane suka rasa gidajensu a kanta ta koma sayen data! Ma'anarta ka rubuta sunanka a ƙasan takarda. A bakin mutanen wasannin nan kuma har tana nufin ka sunkuyar da kai ka ce na bi. Su sun san abin da ku ba ku sani ba, duk wanda ya sa hannu a ƙasan magana ya ba da wuyansa."

Na ce to, Kawu, na ji. Rabin abin da yake faɗa a jirgin nan iska ce ta kwashe, don mutumin da kwantenarsa ke tsare a tashar jiragen ruwa ta Nansha ba shi da kunnen Latin.

Wannan ra'ayin ne ya haɗa shi faɗa da Alhajin Maraɗi. Alhaji ya sayi batura, kayan da sai an bayyana su an bi musu doguwar hanya, ya cusa su a kwalayen takalma, ya ce Kawu ya rubuta takalma a jiki a wuce wurin. Kawu ya ɗaga kwali ɗaya ya ji nauyinsa, ya rufe alƙalami ya sa a aljihu.

"Alhaji, wannan takalmin wa zai iya ɗaga ƙafa da shi?"

"Bon, Malam, kai dai rubuta. Ina ruwanka da abin da ke ciki? Kayana ne ko naka?"

"Kayanka ne, amma hannuna ne."

Alhaji ya yi ta bambami, ya ce tun Kawu bai san hanyar filin jirgi ba yake fatauci, ya ce ko limamin Juma'a bai kai wannan tsanani ba. Kawu ya ɗauki wata jaridar China da aka naɗo kaya da ita, wadda ko harafi ɗaya bai iya karantawa a ciki ba, ya rufe fuskarsa. Ni na sha wahalar, don sai da na zazzage kwalayen na bi musu hanyar da ta dace. Suka yi wata da watanni ba sa ga maciji da juna. Ranar da suka shirya ba wanda ya ba wani haƙuri. Alhaji ya dawo daga gida da ƙullin kilishi ya ajiye a kan kujerar roba, Kawu ya ci, ya ce yaji ya yi yawa, sannan ya tambayi kwali nawa za a rubuta.

A ƙuryar siton akwai inda muke tara kwalayen da shaidarsu ta goge, ko ruwa ya jiƙa ta, ko salatif ya ɗauke ta. Mu tarkace muke ce musu, Kawu marayu yake ce musu. Yakan ce kowane ɗaya a cikinsu akwai wanda ake kira maci amana a gida saboda shi. Sai ya ɓata yini yana juya kwali a hasken ƙofa, yana kiran mutane a waya ko zai dace da mai shi. Wasu ya dace, wasu har yau suna nan. Akwai kuma wata Hajiya 'yar Yamai mai sayen mayafai da ba ta yi boko ba. Ba ta taɓa faɗa ba, shi ne ya lura tana kallon rubutun kamar mai kallon bango. Bai ce mata komai a gaban mutane ba. Ya dai zana 'yar buta a gefen sunanta, ya ce, "Hajiya, duk kwalin da kika ga butar nan naki ne, wanda ya ce ba naki ba ne ya zo ya same ni." Da ta ji rasuwar ta kira ni daga Yamai, ta kasa ƙarasa gaisuwar.

Shi ma yana da kwalinsa a siton, can saman wata kantar ƙarfe inda ruwa ba ya kaiwa. Tun shekararsa ta farko ya haɗa shi, littattafan wasannin da katunan nan nasa ɗaure da roba. Ya rubuta cikakken sunansa a gefe, ƙasa da shi Kano, ƙasa kuma 1/1, ɗaya cikin ɗaya. Duk shekara sai ya ce, "Bana in an gama baje koli zan tafi in ƙarasa aikin nan." In an gama sai wani ya zo da kaya masu yawa, ko sanyi ya shigo ya ce bari ya wuce, ko ya ce gidan can babu kowa sai ƙadangaru. Yakan sauko da kwalin ya yanke salatif ya ciro littafi, ya mayar, ya sake ɗaurewa. Gefen da shaidar take kuwa bai taɓa bari salatif ya hau ba.

Ciwon bai ja ba. Ƙirji ya riƙe shi a sito, muka kai shi asibiti, kwana kaɗan Allah Ya karɓi abinsa. Abin da ya biyo baya shi ya tsufar da ni, ofis zuwa ofis, tambari bayan tambari, tafinta yana cewa a dawo gobe. Maganar kai shi gida ta taso, aka duba daɗewar da gawa za ta yi tana jira, Babban Kawu ya ce ƙasa duk ta Allah ce, a rufe shi inda ya faɗi. Na san gaskiya ya faɗa, amma abin ya ci ni. Ni da na aika firji da babura da injin niƙa zuwa Kano, kawuna kaɗai na kasa aikawa.

Aka rufe shi a makabartar Musulmi, a gefen tudu, tsakanin mutanen da sunayensu ke rubuce da Sinanci da Larabci a kan duwatsu. Masu kula da wurin suka ce mu ma sai mun kawo dutse. Na faɗa wa Babban Kawu, sai ya rufe ni da faɗa.

"A gidanmu ba a rubutu a kan kabari. Ubanmu ba a rubuta masa ba, uwarmu ba a rubuta mata ba. Mutum ya ƙarar da ransa a tatsuniyar Turawa, ku bar shi ya kwanta yadda iyayensa suka kwanta mana. Mala'iku ba sa neman adireshi."

"Kawu, tsarin wurin ne."

"To ku kafa dutsen, ku bar shi babu komai."

'Yar Kawu ba ta isa ta yi musu da wan ubanta ba. Saƙon murya kawai ta turo mini: "Yaya, ni ban ce a saɓa wa Baffa ba. Amma dutse babu suna, a ƙasar da ban iya tambaya ba, ai irin marayun nan ne da yake ba ni labarinsu."

Na rasa inda zan sa kaina. Ga baje koli bai ƙare ba, ga kaya sun cika sito babu mai rubuta shaida. Na yanke irin shawarar da gajiyayye ke yankewa, rabi da rabi: suna kawai, da ƙananan haruffa, can ƙasan dutsen. Alhajin Maraɗi ya ce in bar masa, ko wannan ya yi wa abokin faɗansa. Na ba shi lambar mai sassaƙa dutse na koma kan kwantenoni.

Ranar da aka ce an kafa dutsen, muka hau tudun ni da Alhaji ana yayyafi. Tun daga nesa na gane K ɗin. Ba ƙaramin suna ba ne a ƙasan dutse. Hannun Kawu ne gaba ɗaya, an karta shi cikin dutsen an cike da baƙin fenti, cikakken sunansa a sama, Kano a tsakiya da doguwar ƙafar nan, a ƙasa kuma ɗaya cikin ɗaya. Har ɗan wurin da tawada ta yi masa ƙaranci ya maimaita jan layi, mai sassaƙa bai bari ba.

"Alhaji, mene ne wannan? Shaidar kwali ka sa aka yi wa kabari?"

Ya dubi dutsen, ya dube ni, sai a lokacin abin ya faɗo masa. Ya dafe kai. "Wallahi mutumen ya ce mi za a rubuta. To mi ake turawa in sun ce haka? Na hau kantar na ɗauko hoton kwalinshi, nan ɗai na san sunan yake cikakke. Na ce mishi ya yi daidai yadda yake, kar ya ƙara kar ya rage. Bakina ne ya saba, Alhaji."

Na so in yi faɗa, ƙarfin yi ne babu. Na tsuguna a gefen hanya, dariya ta zo mini, ta juye kuka tun ba ta gama fita ba. Alhaji ya kira mai sassaƙa, mutumin ya ce ba matsala, zai iya goge fuskar dutsen ya mayar da ita sumul, mu dai mu faɗi abin da muke so. Wato maganar ta dawo inda take, sai dai yanzu in an goge, hannun Kawu za a goge.

Ɓoyewa ba za ta yiwu ba, don a garin nan hoto ya fi mutum saurin isa gida. Na kira 'yar Kawu ta bidiyo daga nan inda nake, a can hantsi ne, na ce ta kai wa Baffanta wayar. Na ga rufin zaure, na ga gemu, sannan na ga idonsa. Na juya wayar ga dutsen ina jiran saukar aradu.

Can sai na ji ya ce, "Matso da ita." Na matso.

"Wannan K ɗin," in ji shi. "Malaminsu na firamare ya sha dukan hannunsa a kan ƙafar nan, bai daina ja ba. Ni nake jiƙa tsumma in ɗaure masa yatsun in ya dawo gida." Ya yi gyaran murya. "Wannan ɗaya da ɗayan na ƙasa fa, me suke nufi?"

Na ce, "Kawu, haka muke rubutawa in kwali ɗaya ne tak. Don mai karɓa ya san babu wani a bayansa, kada ya zauna jira."

"Babu wani a bayansa," ya maimaita. Ina jin shessheƙar 'yar a gefe. Sannan ya ce, "Ni rubutun kabari na hana. Wannan shaidar kaya ce, shi ya rubuta abinsa da hannunsa. Ku bar ta."

Ya miƙa wayar ba tare da ya yi mini sallama ba, abin da bai taɓa yi ba.

Dutsen yana nan yadda yake. Na faɗa wa 'yar Kawu, duk ranar da ta zo, ko da babu ɗayanmu a garin, ta hau tudun ta nemi inda aka rubuta Kano, ba ta buƙatar tafinta. Yanzu ni nake rubuta shaida a sito, Alhajin Maraɗi ya ce tonon kaza ne, kuma gaskiyarsa. Wani lokacin kalmar nan ta data takan fito a wayata a jirgin ƙasa, sai in tsaya ina jiran a kama mini hannun riga. Ina kewar tsohon nan fiye da yadda na zata, kuma na gaji da garin.

Kwalin Kawu kuwa na sa shi a kwantenar farko da ta tashi daga Nansha bayan baje koli, ban ƙara ko ɗigo a shaidar ba. Ya yi makonninsa a ruwa, ya hau mota, ya isa Kano. 'Yar Kawu ce ta je karɓa da kanta. Ta ce mai sauke kayan ya miƙo mata shi, ya yi mata tambayar da ake yi wa kowa: "Hajiya, duba ki gani, kayanki sun cika ko akwai saura a hanya?" Ta dubi gefen kwalin ta karanta. Ta ce masa sun cika.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sauke shi a masaukin da ya fi wanda ya rubuta wa kansa.